Rikodar da Yaron Ya Sa a Motar Ofis

Litinin, 10 ga Yuni 1996, bayan la'asar

Sun ba ni motar yau. Wani kofur ya miƙo min makullin ta taga, bai ɗago kai ba. Tana bayan caji ofis ƙarƙashin mangwaro, ganye ya rufe gilashin gaba. Fitilar hagu babu. Bamba ta lotsa ciki. Ban tsaya dubawa ba.

Na shiga na murɗa makulli. Ban san an bar rikodar a kunne ba. Kiɗan ya daki ƙirjina, kujera tana rawa, madubi yana rawa, 'yan sandan da ke zaune a benci duk suka waiwayo. Hannuna ya kai kan maɓallin murya kafin in yi tunani. Na yi ta murɗa shi baya, bai ƙare ba. A ƙarshe yake. Iya ƙarshe. Haka yaron, ɗana, ya bar shi ranar hatsarin.

Da safe Lukuman ya zo gida, shi ne mai kula da motocin ma'aikatarmu a Abuja. Tunda an dakatar da ni, in ji shi, fijon ta gwamnati ce, sai a mayar. Yana magana yana kallon takalminsa.

"Yadda aka ba ka ita, yallaɓai. Har rediyon. Sun ce babu abin da za su karɓa da ba na kamfani ba."

Na ce to.

Ban gaya wa matata Sadiya maganar maɓallin ba.

Talata, 11 ga Yuni, da hantsi

Na kwashe safiya ina neman rediyon asali. Bara da yaron ya cire shi ban tambayi inda ya kai ba. Na yi faɗa na kwana biyu, daga baya ni ma na riƙa sa kaset ɗin wa'azi a hanyar Abuja, na daina faɗan.

Sadiya ce ta fito da shi daga sito, cikin kwalin madara, an naɗe shi da tsohuwar singiletinsa. Ƙaramin abu baƙi, maɓalli biyu, da jar allura mai tafiya a bayan gilashi. Ta ajiye a gabana, amma ba ta ɗauke hannunta daga kan kwalin ba.

"Malam, ba za a bari ya dawo ya cire da kansa ba? Da guminsa na bautar ƙasa ya saye ta. Ba ya son a taɓa masa kaya."

Na ce ofis ba za su jira ba.

"Ai kwana nawa ne," ta ce.

Shekara ashirin da huɗu ni da ita ba mu kama sunansa ba, ɗan fari ne. Yau na so in kira sunan ko sau ɗaya a tsakar gidan nan, in ji yadda zai yi.

Laraba, 12 ga Yuni, da asuba

An yi ruwa. A masallaci maƙwabcinmu Malam Sani ya matsa min wuri fiye da yadda nake buƙata.

Alhamis, 13 ga Yuni, bayan azahar

Na kai wa yaron tuwo caji ofis. Suna fito da shi bayan kantar 'yan sanda na ɗan lokaci idan mai kirki ne a bakin aiki. Ya rame. Gemu ya fara fito masa, ban san yana da gemu haka ba.

Bai ci ba. Ya tambayi uwarsa, ya tambayi ko an ba ni motar. Sai ya ce:

"Baba, mutumin fa?"

Na ce yana asibiti, ana dubawa.

"Wallahi ban ji ba, Baba. Na ji motar ta ɗan yi tsalle, na ɗauka rami ne. Ruwa ake yi, gilashi a rufe. Sai da mai tirela ya sha gabana a gada."

Na ce na sani.

"Suna cewa gudu na yi. Ban gudu ba."

Na ce na sani. Ya dube ni yana so ya gane ta yaya na sani, ni kuma na duƙa ina ɗaure bakin kwanon.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma

Na kai motar wurin Kunle mai rewaya, mai gyaran wayoyin mota, a layin makanikai na hanyar Kaduna. Ya san motar, ya san yaron. Ya gaishe ni har ƙasa, bai tambayi komai ba, Allah ya saka masa.

Ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki. Ya daɗe. Da ya fito ya zauna a bakin ƙofa yana goge hannu.

"Alhaji, Nasiru bai kawo mini wannan aiki ba. Shi kaɗai ya yi."

Haka ya faɗi sunan, kamar ba komai.

Ya nuna min. Ba rikoda kaɗai ba ce. Akwai wani ƙaramin akwati mai fitilu a ƙarƙashinta, akwai wani a but mai ƙara wa murya ƙarfi, an ja masa jar waya mai kauri kai tsaye daga batir, babu fis ɗin da zai kare ta daga kama wuta. Manyan lasifika biyu a bayan kujerar baya, an huda katakon da wuƙa aka zaunar da su. Fulogin da rediyon asali yake shiga, an datse shi da filaya an jefar. Wayoyin an murɗa su da hannu an naɗe da baƙin salatif. Ramin dashbod ɗin ma an faɗaɗa shi da magagari don rikodar ta shiga.

"Cirewa ba wahala," in ji Kunle. "Mayarwa shi ne wahala. Sai na samu fulogi daga fijo da ta mutu. Wannan waya kuma, Allah ne ya tsare, da mota ta kama wuta tuntuni."

Allah ne ya tsare. Na ce haka ne.

Yayin da yake nuna min, na kama kaina ina jin daɗin yadda yaron ya jera wayoyin a gefen kafet, a miƙe, babu wadda ta fito. Ban san inda ya koya ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Asibiti. Gambo sunan mutumin. Manomi ne daga wani ƙauye bayan Tafa, buhun taki ya ɗauko a keke. Na san wannan tuntuni, yau ne dai na rubuta.

Bai san an zo ba. An naɗe kansa, bakinsa a buɗe. Ƙafafunsa sun leƙo daga ƙasan bargo, duk faso, irin ƙafar wanda bai taɓa zama ba.

Yayansa yana zaune a ƙasa kan buhu, Malam Nata'ala, dogo mai furfura a gefen kai. Na miƙa masa hannu. Ya karɓa, ya riƙe kaɗan, ya saki.

"Kai ne uban yaron."

"Ni ne."

"Allah ya kyauta," ya ce.

Na ajiye lemo da madarar da na kawo. Wa zai sha?

Talata, 18 ga Yuni, da hantsi

Motar ta ƙi tashi. Batir ya mutu. Na rasa dalili, sai da na ga carbin Sadiya a kujerar gaba.

Ashe in na fita masallaci sai ta ɗauki makulli ta shiga ta zauna, ta kunna kaset ɗinsa ƙasa-ƙasa. Matar da take cewa kiɗan nan kamar ana dakan sakwara a kanta. Kaset ɗin ya maƙale a ciki tun ranar, ba ya fita, in ya kai ƙarshe sai ya juya da kansa.

Na ce mata batir ya mutu. Ta ce ta yi kuskure. Sai ta ce:

"Akwai wurin da yake bi da bakinsa in yana wanke motar. Shi nake jira ya zo."

Ban gaya mata maganar maɓallin ba.

Alhamis, 20 ga Yuni, bayan magariba

Gambo ya rasu, an yi jana'izar da azahar a ƙauyensu. Na tsaya a sahun baya. Ban je da motar ba, acaba na hau daga Tafa.

Yana da yara biyu. Uwarsa tana da rai.

Juma'a, 21 ga Yuni, da safe

Na je da tuwo na dawo da tuwo. An riga an gaya wa yaron rasuwar. Ya ce ba zai fito ba.

Litinin, 24 ga Yuni, da yamma

Kunle ya samu fulogin, daga wata fijo da ta yi shekaru a kife a bayan garejinsu. Ya wanke shi da fetur ya shanya a kan bulo.

Yau ya fara. Ya zare kan batir tukuna. Ya kwance akwatin but, ya jawo jar wayar nan tun daga gaba har baya, ya naɗe ta a hannu kamar igiyar guga. Ya ɗaga kujerar baya ya kwance lasifikan. Suna da nauyi, na ɗauki ɗaya na ji. Inda suka fita ya bar ramuka biyu, kana hango tayar safaya ta ciki.

Ina zaune a benci ina kallo. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kalli bambar, ya kalle ni, ya ƙara sauri. Suleja ba ta da girman da za ka ɓuya a cikinta. Shekara da shekaru ina fita daga unguwar Magajiya da sassafe a motar nan ana ɗaga min hannu, ina ɗaukar masu zuwa Abuja kyauta. Yanzu da na tsaya a bakin titi mutane sai su hau neman wani abu a aljihu.

Ruwa ya taso, Kunle ya ce rikodar sai wani jiƙon.

Laraba, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Sadakar bakwai. Na koma ƙauyen. Lauyan da na ɗauka ya ce kada in riƙa zuwa, na je.

Da aka shafa fatiha mutane suka watse, Malam Nata'ala ya ce in zo. Ya kai ni bayan rumbu. Keken yana nan a jingine. Ba zan rubuta yadda yake ba.

"Alhaji, tambaya ɗaya ce da ni. Keken nan ya bi motar ɗanka a ƙasa tun daga kwanar masu doya har gada. Mutanen bakin titi suna ta ihu ya tsaya. Ƙarfe yana jan kwalta. An ce ya ce bai ji ba."

Na ce haka ya ce.

"Ni manomi ne, ban taɓa tuƙa mota ba. Amma ina da kunne. Ka gaya min yadda za a yi mutum mai kunne bai ji wannan ba. In ƙarya yake yi, ka ce min ƙarya yake yi, in san da wa Allah ya haɗa ni. Tsohuwa ba ta barci, wannan take tambaya ta."

Yaya zan kwatanta masa?

Na ce ya ba ni zuwa jibi.

Alhamis, 27 ga Yuni, da safe

Na ce wa Kunle ya mayar da komai.

Ya tsaya da sukudireba a hannu. "Alhaji, wanda na cire?"

"Duka. Yadda yake. Na kwana ɗaya."

Ya dube ni, ya dubi kwalin. Bai tambaya ba. Sai dai ya ce wannan karon zai sa fis.

Juma'a, 28 ga Yuni, bayan magariba

Zan rubuta wannan yadda ya faru, in ba haka ba zai yi ta juyawa a kaina.

Na isa ƙauyen bayan an sauko Juma'a. Tun daga nesa aka gane motar. Mata suka janye yara cikin gida. Na tsaya a filin da suke sussuka. Malam Nata'ala ya fito da wasu dattawa.

Na buɗe masa ƙofar direba. Ya cire takalminsa kafin ya shiga. Na naɗe gilasai duka. Na nuna masa maɓallin, na ce haka na same shi ranar da aka ba ni motar, na murɗa har ya tsaya. Na tayar da inji. Na ga kafaɗunsa sun zabura, amma bai toshe kunne ba. Kafin in rufe ƙofa ya kama hannuna, ya sa bakinsa a kunnena.

"Ka tsaya a waje ka yi abin da mutanen titi suka yi."

Na rufe. Na tsaya daf da tagarsa, da babbar rigata ta Juma'a, a gaban mutanen ƙauyen. Na ce tsaya. Na ƙara da ƙarfi. Na yi ta cewa tsaya, ina ɗaga hannu, ina bin gefen motar da ba ta tafiya. Wani dattijo ya ɗauki dutse yana buga garwa a bayana. Ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafata. Ban san lokacin da na daina yi don Malam Nata'ala ba. Yaron nake gani a kujerar, da 'yar hularsa a ƙeya, yana kaɗa kai, ni kuma ina tsaye ina kiransa. Na kira sunansa. A gaban kowa na kira shi, har muryata ta shige.

Ban san an kashe ba sai da wani ya dafa ni.

Malam Nata'ala ya fito ya sa takalminsa. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ban ji ka ba," ya ce. "Bakinka kawai na ga yana motsi."

Na ce to ka gani, bai gudu ba.

"Bai gudu ba." Ya gyaɗa kai. "Da gudu ya yi, Alhaji, da na san inda zan ajiye zuciyata. In ce mugu ne ya kashe min ƙane. Yanzu me zan gaya wa tsohuwa? In ce mata waƙa yake ji?"



Na tambaye shi, da kunya, ko za su duba lamarin yaron.

"Ba ni kaɗai ba ne. Akwai uwarsa, akwai marayu. In an tambaye ni zan faɗi abin da na gani yau. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Ya raka ni har bakin mota. Na dawo a hankali, gilashi a buɗe.

Ban gaya wa Sadiya ba.

Asabar, 29 ga Yuni, da yamma

An cire.

Kunle ya sa siraran ƙarafa biyu a gefen rikodar ya jawo, ta fito da wayoyinta a baya kamar kayan cikin kaza. Na ce ya fitar min da kaset ɗin. Ya buɗe murfin sama, ya sa tsinke, ya ɗaga. Zaren ya naɗe a ciki, ya biyo hannunsa, ya tsinke. Ya ce a yi haƙuri. Na ce ba komai.

Sai aikin wayoyi. Ya kwance salatif ɗin yaron ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa kowace waya da ɗan ƙwan fitila mai wutsiya. Wadda ta kawo wuta da makulli, wadda take ta ƙasa, biyun da suke zuwa ƙaramar lasifikar dashbod. Ya haɗa su da tsohon fulogin, ya ɗiga musu dalma. Ƙaurin dalma ya cika motar.

Ramin ya yi wa rediyon yawa. In an tura shi sai ya faɗa ciki. Kunle ya yanko baƙar roba daga murfin tsohon batir, ya goge bakinta, ya yi masa kewaye. Daga nesa ba a ganewa. Daga kusa ana ganewa.

Ya kunna. Shuuu kawai. Wayar eriya ma an datse ta.

Litinin, 1 ga Yuli, da hantsi

Ya ja sabuwar wayar eriya. Kafinta ya yanko falanki, aka rufe ramukan baya, aka shimfiɗa baƙin kafet. Mai fanabita ya miƙe bamba, an sa fitila.

Kunle ya murɗa maɓallin dama, jar allurar ta tafi, sai ga Rediyon Kaduna. Siririyar murya, kamar daga cikin gwangwani, ana faɗin farashin hatsi. Ko an ƙure ta kana jin kazar da ke tsallaka titi.

"Ya dawo kamar da," in ji Kunle.

Na ce ya dawo.

Ya zuba komai a kwali ya ɗaure da jar wayar. Ya ce akwai mai so in zan sayar. Na ce ba nawa ba ne.

Laraba, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Kotu.

An kira sunansa cikakke, Nasiruddeen Bamalli, nawa a manne da nasa. Sadiya tana gefen mata, ta yafa mayafinta har goshi.

Malam Nata'ala ya cika alkawari. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ce yaron bai gudu ba. Ya faɗi dalili. Ya faɗi wanda ya kawo motar har ƙauye, ya murɗa maɓallin da hannunsa, ya ce haka ya same shi. Mai gabatar da ƙara ya sa ya maimaita wannan wurin, a hankali, don a rubuta.

Yaron ya waiwayo ya dube ni. Ba da fushi ba. Da ya yi fushi da ya fi.

An hana beli. An ɗage zama. Za a tafi da shi kurkukun Minna.

A waje lauyan ya kama hannun rigata. "Alhaji, babu wanda ya san maganar nan sai kai. Da hannunka ka kai musu." Na ce mutumin tambaya ta ya yi. Ya ce yaron ma yanzu tambayarsa za a yi.

Sadiya ba ta shiga motar ba. Da ƙafa ta tafi gida.

Alhamis, 4 ga Yuli, da safe

Ta ajiye min koko a bakin ƙofa. Ba ta ce komai ba.

Asabar, 6 ga Yuli, bayan azahar

Har yanzu. Tana amsa sallamar maƙwabta, tana yi wa awaki magana. Ta ɗauke kwalin daga zaure ta kai ɗakinta.

Na tsaya a bakin labule na ce mata da na yi shiru da har abada ana kiransa wanda ya take mutum ya gudu. Na ce gaskiya ce. Na ce ba zan iya kallon mutumin nan in yi masa shiru ba. Na yi ta magana da labule.

Ni kaina ban sani ba. Wani lokaci ina ganin na wanke shi ne. Wani lokaci ina ganin kaina na wanke.

Litinin, 8 ga Yuli, da yamma

Na kai motar Abuja. Na bar rediyon a kunne har Zuba, daga nan na kashe.

Mai gadi ya buɗe ƙofa ya sara min, sai ya tuna, ya sauke hannun a hankali. Lukuman ya fito. Na ce ya zo ya duba, ga rediyon kamfani, ga eriya, ga bayan kujera. Na ce ya kunna ya ji.

"Ba sai an kunna ba, yallaɓai."

Na ce a'a, ya kunna. Wahalar da aka sha.

Ya leƙa ta taga, bai ma buɗe ƙofa ba. Ya ce ya gani. Sai ya rage murya ya ce babu wanda zai karɓe ta, duk wanda aka yi wa tayi ya ƙi. Ya sa direba ya kai ta can baya, inda ake jera waɗanda suka mutu, ciyawa ta kai musu ƙofa. Ina tsaye aka zare mata batir.

Maganar aikina kuwa, kwamiti bai zauna ba. In je gida, za a neme ni.

Na bi layin bas ɗin Suleja tare da masinjoji da masu shara. Wani da nake ɗauka kyauta a da ya tashi ya ba ni kujerarsa. Na so ya bari.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan magariba

Minna. Ni kaɗai. An ce Asabar ce ranar ziyara, amma wani ganduroba ya ji tausayi.

An aske masa kai. Ya durƙusa ya gaishe ni ta bayan waya. Na fara cewa game da abin da ya faru a kotu, ya ce:

"Baba, bari. Ni na ƙure ta, ba kai ba."

Ya tambaya ko tsohuwar mutumin tana da mai yi mata noma. Na ce ban sani ba. Ya ce in tambaya.

Da lokaci ya cika ya ce, "Umma ba ta zo ba." Na ce ba ta jin daɗi. Ya ce to. Ya san ƙarya ce, ya taimake ni ya karɓa.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan isha'i

Tun la'asar Sadiya take soya nama tana daka ƙuli. Ta wanke masa riguna biyu da ba su yi datti ba. Ina zaune a tabarma a inda motar take kwana, mai ya bar baƙin tabo a ƙasa.

Ta zo wucewa da kwano. Ta tsaya, ba ta dube ni ba.

"An ce motar Minna tana cika da wuri."

Na ce haka ne.

"In ka tashi ka tashe ni. Ban san hanyar ba."